Noman laimar kwaɗi a gida: ta ina ake samun iri?

Baban Sadiq (Birnin Kebbi):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana. Duk wanda ya bi hanyar Argungu bayan an yanke shinkafa ya san yadda kara ke zama tsibi-tsibi a fadama, wani a kai wa dabbobi, wani a cinna masa wuta. To na ga bidiyon mutanen Indiya suna cusa irin karan nan cikin leda, bayan kamar wata guda laimar kwaɗi ta ɓullo ta jikin ledar, su tsinka su kai kasuwa. Yanzu akwai wani a intanet da ke tallar ƙurar irinta a shafe jikin takarda, wai ka kakkaɓe a kan jiƙaƙƙen kara shi ke nan. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me zai hana in jira damina in tsinko waɗanda ke fitowa bayan gidanmu in samu tawa ƙurar kyauta?

Ɗan Kabi (Argungu):
Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, duk kifin da Allah Ya hore muna daga Argungu har Yawuri, mi yak kai ka ga abincin kwaɗi? 😂

Hajiya Mai Zoɓo:
Ni tambayata ma, ana ci kuwa? Muna yara in ka taɓa ta sai an sa ka wanke hannu da toka.

Maman Ladi (Zuru):
Ana ci mana, Hajiya. A wajenmu akwai wadda ke fitowa a kan suri in damina ta zauna, tsofaffi sun san ta sarai, ana miya da ita har a busar a ajiye. Ni kuma yanzu ta gida nake nomawa, irin da ake ce wa oyista, a wani ɗakin ƙasa da ke bayan gidanmu. Amma Baban Sadiq, riƙe kuɗinka tukuna, kada ka sayi takardar nan. Bari Malama ta shigo, ita ta karanci fannin.

Malam Na Jega:
Hajiya, asalin abin da ƙasa ta tsirar halal ne, sai wanda zai cutar ko zai gusar da hankali. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim daga Sa'id ɗan Zaid, Allah Ya yarda da shi, da ya ambaci kam'a cewa tana daga cikin mannu. Kam'a 'yar uwar wannan ce, sai dai ita a cikin ƙasa take yin ƙwallo a sahara, ba ta buɗe laima. Saboda haka mai guba haramun ce don cutarwarta, mai sa maye haramun ce don mayenta, wadda masana suka tabbatar abinci ce babu laifi a kanta. Allah ne mafi sani.

Malama Ta Kalgo:
Salamu alaikum. Baban Sadiq, mai tallar bai yi ƙarya ba da ya ce ƙurar iri ce, inda ya yaudare ka shi ne wajen cewa a kakkaɓe a kan kara kawai.

Ka ɗauki laima ɗaya da ta buɗe, ka cire ƙafar, ka kifa ta a kan takarda ko gilashi, ka rufe da kofi ta kwana. Da safe za ka ga hoton ƙasan laimar ya fito kamar an zana. Wannan ƙurar ita ce irinta, miliyoyi ne a wurin, guda ɗaya ba ta ganuwa sai da madubin ɗakin gwaji. Sai dai ba ta da guzurin abinci irin na ƙwayar gero ko wake. Kuma guda ɗaya ba ta isa ta haifar da laima ba. In ta tsira, farin zare siriri take fitarwa, sai wannan zaren ya haɗu da na wata ƙwayar da suka dace sannan a samu farar yana mai iya haihuwa. A oyista, in ka ɗebo biyu daga uwa ɗaya, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai suke dacewa.

Duk wannan yana cin lokaci, funfuna kuwa ba ta jira. Jiƙaƙƙen kara a zafin Kebbi, kafin ƙurarka ta farka koriyar funfuna ta cinye wurin. Shi ya sa masu noman gaske ba sa shuka ƙura a kan kara. Abin da suke zubawa shi ne dafaffen hatsi, galibi dawa a nan ƙasar, wanda farar yanar ta riga ta mamaye shi cikin kwalba. Tun 1932 wani masani a Amurka, James Sinden, ya yi rajistar wannan dabarar ta raino a jikin hatsi, har yau ita duniya ke bi. Kowace ƙwayar dawa in ta faɗa cikin kara sai yana ta fara bazuwa daga jikinta nan take, ta riga funfuna kama wuri.

Shawarata ga mai farawa: ya sayi irin kwalba.

Baban Sadiq:
Na gode Malama. A ina ake samun kwalbar?

Malama Ta Kalgo:
Cibiyoyin bincike na kudu sun daɗe a kan wannan aikin, kamar FIIRO da ke Oshodi a Legas da NIHORT da ke Ibadan. Akwai kuma manoma masu zaman kansu da ke sayarwa.

Injiniya (Aliero):
To a nan ne ni da Malama za mu raba hanya, da girmamawa. Ku duba taswira. Daga Ibadan kwalba za ta bi Ilori, Jebba, Mokwa, Kwantagora, Yawuri, Koko, sannan Jega. A bayan mota, ƙarƙashin kaya, wani lokaci ta kwana a tasha. Abin nan rayayye ne, yana numfashi. Yanar oyista in zafi ya haura digiri 35 sai ta tsaya, in ya kai wajen 40 ya daɗe sai ta mutu. Ni na yi oda cikin bazara, kwalaben suka iso suna tsami, gindinsu duk ruwa. Wa zan kama? Mai sayarwa ya ce lafiya lau suka bar hannunsa, kuma ban ƙaryata shi ba.

Mu 'yan Aliero a kan albasa muka koyi cewa manomin da ba shi da irinsa yaron wani ne. In za a yi abin nan a Kebbi, dole a koyi yin iri a Kebbi. Takarda ɗaya mai ƙura tana shiga ambulan, zafin hanya bai cika damunta ba, tana yin watanni a ajiye in wurin ya bushe. Me ya sa za a ce mu guje ta?

Ɗan Kabi:
Injiniya ya faɗi gaskiya wanga karon. Komi sai mun jira kudu?

Malama Ta Kalgo:
Injiniya, ban ce a guje ta har abada ba, cewa na yi ba ta nan ake farawa ba. Bari in faɗi abin da hanyarka ke buƙata, jama'a su yi alƙalanci.

Da farko sai ka haɗa abincin raino. Ka dafa dankalin Turawa giram 200 a lita ɗaya ta ruwa, ka tace, ka zuba gulukos giram 20 da garin aga giram 15 zuwa 20. Aga wani gari ne da ake samu daga ciyawar teku, shi ke sa ruwan ya daskare, a wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaji ake samunsa. Ka zuba kaɗan-kaɗan a kwalabe masu faɗi, ka toshe da auduga, ka dafa a tukunyar matsi minti 15 zuwa 20 a digiri 121. Tukunyar gida ba za ta yi ba, domin tafasasshen ruwa a 100 yake tsayawa, akwai ƙwayoyin cuta da ke tsallake wannan. In sun huce sun daskare, sai ka ɗauki ƙurar da bakin waya da ka ƙona a wuta, ka shafa a kai, a wurin da iska ba ta motsi. Bayan kwanaki za ka ga abubuwa sun tsiro, naka da waɗanda ba ka gayyata ba, domin takardar da aka kifa laima a kai ba ta taɓa zama tsaf. Sai ka yanko farin mai tsabta ka mayar sabuwar kwalba, ka sake, ka sake, har ka samu wanda ba gauraye. Sannan ka kai shi kan dawa. Sannan kara.

Bayan duk wannan wahalar, ba ka san abin da za ka samu ba. Kamar ka shuka ƙwallon mangwaro ne: zai tsira, amma ba lalle ya biyo uwar ba, sai ya yi 'ya'ya za ka san ko mai zaƙi ne ko mai tsiya. Irin kwalba na kirki kuwa ɗan aure ne, an riga an zaɓe shi don yawan haihuwa. Masu neman sabon iri su ke wasa da ƙura, kuma su ma cikin da yawa suke tsintar ɗaya.

Injiniya:
Na ji. Amma tukunyar matsi da aga ai ba kayan Makka ba ne. Kuma ba ki amsa matsalar hanya ba.

Malama Ta Kalgo:
Amsar hanya biyu ce. Ta farko, kada ka yi oda a Maris, Afrilu ko Mayu. Ka yi a Yuli ko Agusta, ko cikin hunturu, kuma ka ba wa mutum ya riƙo a cikin mota, ba a bayanta ba. Ta biyu, in har kana da tukunyar matsi da aga, akwai abin da ya fi ƙura sauƙi nesa ba kusa ba. Ka samu laima ɗaya sabuwa mai lafiya daga irin da ya yi maka kyau. Ka tsaga ta da hannu, kada ka yanka da wuƙa don kada ka ja dattin waje zuwa ciki. Ka ɗebo tsokar ciki kamar ƙwayar shinkafa da reza mai tsabta ka ɗora a kan aga. Cikin mako guda za ka ga farar yana ta fara zagaye ta. Wannan ita ce uwar sak, ba canji. Ka ga kwalba ɗaya ta iso da rai sau ɗaya, ka yanke hulɗa da hanyar Jebba.

Injiniya:
To wannan magana ce. Amma ni dai zan gwada ƙurar a gefe, ko don in gani da idona.

Maman Ladi:
Gwada abinka Injiniya, ba a hana ba. Ni bari in faɗa wa Baban Sadiq yadda aikin yake daga kara zuwa tukunyar miya, tunda shi abin da ya dame shi ke nan.

Kara ya zama busasshe, mai launin zinariya, wanda ruwan sama bai taɓa ba. In ya yi baƙi-baƙi ko yana warin rima, bar wa shanu. Ka sassare shi gajeru, kamar tsawon yatsa. Ka cusa a buhu, ka nutsa a duro mai ruwan zafi, ka danne da dutse. Ba tafasa ake so ba, ruwan ya tsaya tsakanin digiri 65 da 80 na awa ɗaya zuwa biyu. Mutane suna ganin in an tafasa sosai ya fi, ba haka ba ne. Ana so a kashe funfuna da ƙwan ƙwari, a bar wasu ƙananan halittu da ke tare wa mugaye hanya. Ka sayi ma'aunin zafi, ba shi da tsada.

Ka fitar ka rataya ya tsane, ka baza a kan leda mai tsabta ya huce sarai. Wanda ya zuba iri a kara mai ɗumi ya dafa kuɗinsa. Gwajin ruwa: ka damƙi karan ka matse da ƙarfi. In ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai. In ya zubo, bai tsane ba. In tafin hannunka bai ko jiƙe ba, ya bushe da yawa.

Sai ka wanke hannu da sabulu, ka goge da sifirit. Leda mai haske, ka zuba kara ka danna, ka barbaɗa dawa, ka ƙara kara, haka har ta cika. Littafi yana cewa iri kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyin jiƙaƙƙen kara, ni nakan ɗan ƙara saboda zafinmu, don ya yi saurin kamawa. Ka ɗaure baki, ka huda ƙananan ƙofofi da allura mai tsabta don numfashi. Ka ajiye a ɗaki mai duhu-duhu, kada ledojin su jingina da juna, domin cikin leda ya fi ɗaki zafi. Mako biyu zuwa uku za ta yi fari fat. Sai ka tsaga ledar a wurare kaɗan, ka bari haske ya shigo gwargwadon yadda mutum zai iya karatu, ban da rana kai tsaye, ka dinga feshin ruwa a iska da bango sau da yawa a yini. 'Yan ƙanana za su ɓullo cunkus, cikin kwana huɗu zuwa shida sun isa tsinka. Ka murɗe tarin gaba ɗaya, kada ka bar guntu ya ruɓe a jiki. Leda ɗaya tana ba da zubi biyu zuwa uku, na farko ya fi yawa.

Hajiya Mai Zoɓo:
Maman Ladi, Allah Ya saka. Ɓuntu fa? Mu nan kusa da injin casa muke, tsibinsa har ya dame mu.

Maman Ladi:
Ɓuntu shi kaɗai ba ya riƙe ruwa, Hajiya, kuma yana da tauri. Kina iya gauraya kaɗan. Totuwar masara da aka farfasa ta fi shi. Dusa tana ƙara yawa amma ita funfuna ta fi so, mai koyo ya bar ta tukuna.

Alhaji Mai Shanu (Bagudo):
Ina ta karatu ina dariya. Wa ya ce maku kara kyauta ne? Da can ne. Tun da aka buɗe shirin ba manoma bashi na Anko a Birnin Kebbi a 2015, ga injinan casa na Labana a Birnin Kebbi da na WACOT a Argungu, shinkafa ta yawaita, gaskiya ne. Amma masu kiwo ma sun waye. Ku zo Bagudo cikin Afrilu ku ce a ba ku kara kyauta ku ji amsa. Wanda ke so ya tara tun ranar sussuka, ya samu rumfa ya ɗora.

Baban Sadiq:
Ranka ya daɗe, ai mu ba mu kai cin rabon shanunka ba. Amma wannan ya kawo tambaya: kara nawa ke ba da laima nawa?

Malama Ta Kalgo:
A hannun gwani da iri mai kyau, kilo ɗaya na busasshen kara yana iya ba da rabin kilo zuwa kilo ɗaya na ɗanyar laima, in an haɗa duk zubin. Mai koyo kada ya yi lissafi da wannan. Alhaji kuma kada ya damu, ragowar karan bayan an gama taki ne mai kyau a lambu.

Ɗan Kabi:
Ku dai kuna ta lissahi kun manta da rana. Maman Ladi tana Zuru, can akwai duwatsu da itace da ruwan sama. Mu nan Argungu cikin Afrilu ko ƙadangare neman inuwa shikai. Ɗakin kwano ka sa abin da ba shi son zahi?

Maman Ladi:
Ko a Zuru ba na yi a bazara, ƙanena. Daga Yuli zuwa Oktoba ne lokacina, iska da laima, ba sai ka wahala da feshi ba. Hunturu ma ana yi, sanyin ya dace, sai dai bushewar iska ce abokiyar gaba. Abin yana son laimar iska kashi 80 zuwa 90, hunturu kuwa takan faɗi ƙasa da 20. 'Yan ƙananan in iskar ta buge su yini ɗaya sai su ƙandare su yi ruwan ƙasa. Dabarata: ɗakin ƙasa mai jinka, yashi a daɓe ina jiƙa shi, buhunan algarara a taga da ƙofa suna shan ruwa. Amma kada ka toshe ɗakin gaba ɗaya. In ka ga ƙafa ta yi tsawo laimar ta ƙanƙance, iska ce ba ta isa ba.

Injiniya:
Ƙarin bayani ga Ɗan Kabi. Ba duka ne ke gudun zafi ba. Farar dunƙulalliyar nan da ake gani a gwangwani, ita sai digiri 16 zuwa 18, a manta da ita a Kebbi sai mai na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa. Amma akwai Volvariella da ake nomawa a Sin da Tailan da Biyetnam a kan karan shinkafa, ita 30 zuwa 35 take so, kuma cikin kamar mako biyu ta fito. Akwai wata fara ta Indiya, Calocybe indica, ita ma 'yar zafi ce. A cikin oyista ma akwai mai ruwan hoda da ke jure ɗumi. Dalilina ke nan na nacewa a kan ƙura: in masu kwalba ba su da waɗannan, ta ambulan kaɗai za su iso mana.

Malama Ta Kalgo:
A wannan kana da hujja, ban musa ba. Sai dai Volvariella ba ta kai oyista yawan haihuwa ba, ba ta ajiyuwa, kuma sanyin firij yana narkar da ita. Irinta ma ba a sa shi a firij, haka na mai ruwan hoda. Ka fara iya riƙe kwalba goma ba funfuna, sannan mu yi wannan maganar.

Nas (Yawuri):
Ku yi haƙuri in katse ku. An wuce rabin tambayar Baban Sadiq ba a taɓa ba, kuma ita ce mai kisa: batun tsinko na bayan gida.

Don Allah kada kowa ya yi. Akwai wata babba fara mai kyan gani da ke fitowa a cikin ciyawa bayan ruwa a ƙasashe masu zafi, Chlorophyllum molybdites. In ka kifa ta a takarda ƙurarta kore-kore ce. Amai da gudawa take sawa masu tsanani cikin 'yan awanni. Wannan ma mai sauƙi ce. Akwai dangin Amanita da gubarsu ba ta nuna kanta sai bayan awa 6 zuwa 24. Mutum ya yi amai da zawo, ya ji sauƙi kwana ɗaya har a ce ya warke, alhali hanta ce ke lalacewa. Dafuwa ba ta kashe gubar, busarwa ba ta kashe ta. A 2023 a Ostareliya mutum uku suka mutu bayan cin abincin da aka gasa da irin wannan a ciki. Kuma Injiniya, Volvariella da kake yabo, tana ƙarama kamanninta ɗaya da mai kisan, mutanen Asiya da suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ostareliya sun sha faɗawa wannan ramin.

Zancen wai in tsutsa ko akuya ta ci to lafiya, ko wai cokalin azurfa zai yi baƙi in akwai guba, duk babu shi. Wanda ya ci ya ji ba daidai ba a kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar abin da ya ci. Kada a tsaya ba shi madara ko manja ana jira.

Hajiya Mai Zoɓo:
Innalillahi. Ashe tsofaffinmu da gaskiyarsu da tokar nan.

Maman Ladi:
Nas ta faɗi gaskiya. Mu ma ta suri kaɗai iyayenmu ke tsinka, kuma ba a aiken yaro shi kaɗai.

Baban Sadiq:
To ita ta surin fa, Maman Ladi? Tunda an san ta kuma 'yar ƙasa ce ta saba da zafinmu, ba sai a ɗebi ƙurarta ba?

Malama Ta Kalgo:
Da ana iyawa da an daɗe da yi, domin ta fi oyista daɗi a bakin waɗanda suka san ta. Sunanta Termitomyces. Gara ce ke noma ta a cikin suri: ta tauna itace da ciyawa ta gina mata gado, ita kuma ta narkar da shi ya zama abincin garar. Ana iya rainon yanarta a kwalba, amma har yau ba a kai ga noma ta don kasuwa ba tare da garar ba.

Ɗan Kabi:
Wato gara ta riga Injiniya buɗe kamfanin iri. 😂

Admin:
Jama'a a ci gaba da mutunta juna. Wanda ya turo lambar waya yana tallar iri na goge, a bi ta hannun admin tukuna.

Alhaji Mai Shanu:
Ni tambayar ɗan kasuwa zan yi. An noma, an tsinka. Wa zai saya? Ka kai babbar kasuwar Birnin Kebbi ka ce ga laimar kwaɗi, a taru a kanka ana kallo.

Maman Ladi:
Alhaji, wannan ita ce tambayar da ta fi ta iri wuya. Ɗanya ba ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu a waje ba firij. Ni masu sayena 'yan kudu ne mazauna gari, da ma'aikata, da wasu da likita ya ce su rage jan nama. Sauran ina busarwa. Kilo goma na ɗanya yana komawa kamar kilo ɗaya, amma yana yin watanni a leda, kuma ana iya aika shi Sakkwato ko Abuja ba fargaba. In kana so ta ɗan ƙara kwana ɗanya ba wuta, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani tana taimakawa, dabarar nan ta Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa da ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Shawarata ka fara da leda biyar zuwa goma, ka ci a gidanka, ka ba maƙwabta su ɗanɗana a miyar agushi ko a soye da albasa da attarugu. Kada ka gina rumfar leda ɗari biyar kana jiran masu saye su faɗo daga sama.

Hajiya Mai Zoɓo:
Na ji ana cewa ta fi nama gina jiki, har tana maganin suga.

Nas:
A'a Hajiya. Kusan kashi 90 nata ruwa ne. Giram 100 na ɗanya yana da furotin kamar giram 3, nama kuwa wajen 20. Abinci ce mai kyau, ba kitse, ba sitaci sosai, mai suga zai iya ci. Amma ba ta maye gurbin maganinsa. Wani abu kuma ga masu noma: oyista in ta tsufa tana zubar da ƙura sosai, shaƙarta kullum a rufaffen ɗaki yana kawo tari da ciwon ƙirji ga wasu. A tsinka kafin bakin laimar ya miƙe ya juya sama, a sa takunkumi, kuma kada a ajiye ledoji a ɗakin kwana.

Baban Sadiq:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Takarda dai na fasa. Amma ba ni da tukunyar matsi. Akwai yadda zan riƙe iri ba tare da ita ba?

Maman Ladi:
Akwai ta talakawa. Ka jiƙa kwali mai ramuka a ruwan zafi, ka matse, ka ɓare shi. Ka yanko gindin sabuwar oyista ƙanana ka jera tsakanin kwalin, ka sa a roba mai murfi da 'yan huji. Kwali ba shi da abincin da funfuna ke rububi, oyista kuwa tana cinsa. In ya yi fari sai ka yayyaga cikin kara.

Malama Ta Kalgo:
Tana yi, amma ba ta da ƙarfin dawa, kuma in ka yi ta maimaitawa irin yana raguwa. Ko a dawa ma, kwalba ɗaya tana iya haifar da goma, amma kada a wuce hawa biyu zuwa uku ba a koma kan aga ba. Abin da ya fi: ba kowa ne zai zama mai yin iri ba. Mutum ɗaya ko biyu a jiha sun isa su riƙe kowa.

Injiniya:
To ni ina da tukunyar matsi, kuma dawa ba ta yanke mana ba. Malama, ki rubuto mana yadda ake shirya dawar.

Malama Ta Kalgo:
A jiƙa ta kwana, a dafa minti 15 zuwa 20 har ta yi laushi amma ba ta fashe ba, a baza ta sha iska har bayanta ya daina danshi. A gauraya garin alli kamar kashi 2 cikin 100 don kada ta dunƙule ko ta yi tsami. A cika kwalba kashi biyu cikin uku, a toshe da auduga, a rufe da takarda, tukunyar matsi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wurin aiki kuma babbar roba mai haske a kife, da ƙofofi biyu na hannu, a goge cikinta da sifirit. Ka bari sifirit ɗin ya bushe, kuma wutar ƙona reza ta tsaya a waje, kada ka ƙone gira.

Maman Ladi:
In Allah Ya kai mu Yuli zan ba direban Zuru laima sabbi a cikin kula, a sauke maka a Jega da safe. Sai dai ka yi aikin a ranar, in ta kwana ta yi laushi ba lalle ta kama ba.

Injiniya:
Na karɓa. Baban Sadiq, kai kuma je ka nemi kara tun yanzu kafin Alhaji ya kwashe.

Alhaji Mai Shanu:
Ya zo da buhunansa da kuɗin mota. Dami biyu na ba shi, na uku sai ya biya.